Shekarar da Na Cire Sunan Yayarku

Duk Sallar da kuka taru a gidan nan na unguwar Gesse, da an ci an ƙoshi an baje hira, sai wani a cikinku ya tono zancen, wai Inna ce ta cire sunan 'yar cikinta daga jerin masu zuwa kwas Kaduna ta sa na mai wankin asibiti. Ku kwashe da dariya, ni kuma in yi kamar ina neman wani abu a jaka. To, na gaji da neman abin da ban ajiye ba. Gaskiya ne na cire, da jan biro na ja layi a kai, a gaban shaida. Amma rabin labarin kuke bayarwa, rabin da ya fi daɗin tsokana, ni kuwa ba na so in tafi in bar ku da rabi. Yayarku ita ce 'yar farina, kun san ban taɓa kiran sunanta ba, kuma ba a takarda zan fara ba. Duk inda na ce yayarku, ita ke nan.

A lokacin ni ce shugabar ɗakin kati ta asibitin da na yi wa aiki har na yi ritaya. Babban asibitin yana Birnin Kebbi, muna da ƙaramin reshe a Argungu, garinmu. Aikinmu shi ne mu buɗe wa mara lafiya kati, mu adana shi, mu nemo shi ran da ya dawo. Wanda ya koya mini wannan aiki tun ina yarinya da sabuwar takardar sakandare shi ne Baba Garba, mai riƙe da ɗakin kati na Argungu. Basarke ne, wato gidansu masunta ne kaka da kakanni, shi kaɗai ya bar ruwa ya kama biro. Mutum zai zo ya ce katinsa ya ɓace, bai san lamba ba, Baba Garba ya dube shi ya tambayi sunan kakarsa, ya juya ya zaro katin daga cikin dubbai. Shi ya hana a kore ni a watana na biyu, ran da na haɗa katunan wasu tagwaye wuri ɗaya. Ya ce shi ya yi. Saura masa shekara biyu ya yi ritaya a shekarar da nake ba ku labari.

A farkon daminar shekarar aka tara mu aka ce za a daina kati, komai zai koma kwamfuta. An sayo wata manhaja daga wani kamfani, za a yi wata uku ana gwaji, ana haɗa kati da kwamfuta, sannan a goge na gwajin a buɗe rajista ta gaskiya. Ranar buɗewa mutumin kamfanin zai tsaya a kan kowa ya ga ya yi da hannunsa. Wanda ya kasa za a ɗauke shi daga teburinsa a ba shi wani aikin. A ɗakin kati kuwa wani aikin yana nufin benci a bakin ƙofa, kana nuna wa mutane hanyar ban-ɗaki. Da na ji haka ban tuna kowa ba sai Baba Garba.

Ni aka ɗora wa nemo 'yan sa-kai daga cikin ma'aikata, waɗanda za a fara koya wa, su kuma su zauna kusa da abokan aikinsu su taimaka musu. Ba ƙarin albashi, sai wata koriyar riga mara hannu da aka rubuta TAMBAYE NI a bayanta, da alkawarin cewa duk mai rigar za a kai shi kwas Kaduna daga baya. Kowa ya san mai takardar wannan kwas shi ne gaba a ƙarin girma. Na manna sanarwa a allo, kafin la'asar matasa sun cika mini ofis, masu difloma da masu digiri, yatsunsu na ƙaiƙayi. Na zaɓi waɗanda suka fi iyawa, don abin da kowa zai yi ke nan. Yayarku, wadda ba ta daɗe da kama aiki a sashenmu ba, ta fi su duka, kuma ba don 'yata ce na faɗa ba. Ita da kanta ta ce a tura ta Argungu, ta zauna wurin kakarta ta kula da Baba Garba. Na ji daɗi har cikin raina.

Wata guda rahoto yana zuwa daga Argungu kamar an zana. Kwamfuta tana nuna wa ya shigar da me, kuma sunan Baba Garba ne a gaba, ba kuskure ko ɗaya. Babanku kuwa bakinsa ya ƙi rufuwa. A lokacin ya riga ya bar koyarwa ya koma noman shinkafa a fadamar Ambursa, duk wanda ya tare shi a kan kunya sai ya ji labarin.

"Ɗiyata ta ɗora tsohon Basarke bisa kwamfuta cikin sati ukku! Ni shekara talatin ina koyarwa ban yi irin wagga ba."

Ran wata Talata na shiga mota na tafi Argungu ba tare da na gaya wa kowa ba sai babanku, don in ga abin alfaharina da idona, in kuma ci kifi. Na iske layin marasa lafiya yana tafiya sumul. Na leƙa ta taga. Yayarku ce a kan kujera cikin koriyar riga, yatsunta na gudu. Baba Garba yana gefe a kan wani ɗan akwati, hannuwansa a kan gwiwa, yana gaya mata wane ɗan wane ne. Kwamfutar da sunansa aka buɗe ta, da lambar sirrinsa. Ko kallon wajen da take bai yi ba. Na tsaya a tagar nan har ƙafata ta yi sanyi, sannan na yafito ta muka koma bayan ɗakin magani.

"Tun yaushe ki ka yi mai?"

"Inna, tun rana ta biyu. Ran farko ya danna wani wuri komi yaɓ ɓace, ga mutane na kallo. Na ga hannunai na rawa. Ƙaƙa za ni ce ma Baba Garba ya yi kuskure? Shi fa yay yanka min rago na biyu ran sunana."

"Ran jarrabawa ke za ki zauna mai?"

Idonta ya cika. Na buɗe baki zan yi faɗa, kun san ba ni da wuyar faɗa, sai na rasa ta inda zan kama. Ni na raine ta a kan kada ta bar babba ya ɗauki kaya tana tsaye, kada ta gyara wa babba magana a gaban jama'a. Abin da na koya mata ta yi. Na zagaya sauran sassan, na iske ko'ina haka ne. Mai koriyar riga ya ga babbar nas tana lalube, sai ya rusuna ya ce, Mama kawo in yi miki. Ita kuma ta miƙa masa da godiya da sa albarka, don ta fi son haka da a ce yaron da ta haifi kamarsa ya ga ba ta iya ba. Kowa yana ladabi, kowa yana jin daɗi, ba wanda yake koyon komai. Saura wata biyu, na riga na hango Baba Garba a kan bencin nan, sai na ji kifin ma ya fita raina.

Bayan azahar ina zaune a ɗakin kati, mun gaisa da Baba Garba muna ta kewaye-kewaye, kowa ya san abin da ɗan'uwansa ya sani, sai ga Kulu ta shigo da labulen taga da ta wanke. Kulu mai wankin asibitin ce, mace mai jiki da murya, ta ba hamsin baya. 'Yar Rundawa ce, wato mahauta, kuma kun san tsakanin mahauta da masunta akwai wasa tun na kakanni, duk abin da ɗaya ya gaya wa ɗaya ba a fushi. Shekara ashirin suna wannan tsiya ita da Baba Garba. Tana shigowa ta toshe hanci.

"Wash! Labulen ga sai da nis sa mai sabulu sanda biyu, ƙarni bai fita ba. Basarke, wai cikin ɗakin ga ka ka shanya tarwaɗa?"

"Ke dai da ƙudajenku kunka shigo, ɗiyar Rundawa. Zo nan ki yi amfani sau ɗai a rayuwarki. Yaron nan ya aiko min saƙo ga waya, buɗe min."

Ya miƙa mata wayar. Kulu ta ɓoye hannuwanta a baya.

"Ni baiwarka ce? Hannunka ya karye? Taɓa koren can. Ba wannan ba, makaho! Wanda ag ga ƙasa. Kai, in da kifi na cikin wayag ga da tuni ka kamo shi."

Ya taɓa ba daidai ba, ta yi masa shewa. Ya sake, ta ce ko jikanta na goye ya fi shi. A karo na uku saƙon ya buɗe, muryar ɗansa ta fito. Baba Garba yana dariya har da buga ƙafa, yana cewa ai dama ya sani, gwada ta yake yi. Na dubi hannunsa. Ko kaɗan bai yi rawa ba.

A mota ina dawowa ban ga hanya ba. Har muka wuce Ambursa ban ko leƙa in ga shinkafar babanku ba, shi da ya ce in duba masa ko ruwa ya hau. Na ciro takarda na ɗora a gwiwa ina rubuta sunan duk wani babba a asibitin da nake jin tsoron zai faɗi, a gaban kowane kuma ina tambayar kaina, wa ke iya cewa wannan ka yi wauta ya yi dariya? Babbar nas Bafulatana ce, akwai wani Babarbare a ɗakin gwajin jini da kullum yake ce mata ta zo ya saye ta. Mai ba da magani yana da taubashiya a ɗakin haihuwa. Wani akwai matar wansa, wani akwai wadda yake kira jikarsa. Kafin mu shiga Birni na cika shafi, ina dariya ni kaɗai har na kusa da ni ta matsa.

Washegari na kai wa sakataren asibitin, Alhaji Lawal, wanda sai ya sa hannu komai ke tafiya. Ya karanta, ya cire tabarau, ya ce shi bai taɓa jin inda aka zaɓi masu koyar da kwamfuta da asalin kakanni ba, kuma mai wanki ba ta da ko takardar sakandare, me zai gaya wa mutanen kamfani? Alhaji Lawal Bakatsine ne, ni kuwa Bakaba, tsakaninmu ma akwai wasa. Na ja kujera na zauna ba a ce in zauna ba.

"Ranka ya daɗe, ni ban yi mamaki ba. Bakatsine in bai ga abu a rubuce da Turanci ba ai ba shi ganewa. To kai da kanka, wa ka buɗe ma kwamfutarka kullum da safe? Na ga masinja na shigowa da sauri yana fita da sauri. Yatsa ɗai ka ka dannawa da shi awa mai tsoron kunama."

Ya yi dariya har ya sarƙe. Ya ce Kabawa ba su da kunya, kifi ya cinye musu ita. Na bar shi ya gama, sannan na tambaye shi, duk asibitin nan wa zai iya gaya masa abin da na gaya masa yanzu ya kwana da aikinsa? Da ya buɗe baki kuma ba wasa a muryarsa.

"Na ji, Hajiya. Amma riguna a ƙidaye suke, kujerun Kaduna ma haka. Ɗakin kati na Argungu guda ɗaya gare shi. In Kulu ta shiga, kin san wadda za ta fita. Ko in cire wani daga wani sashen in bar miki 'yarki?"

Wallahi na so in ce eh. Kalmar ta zo har bakina. Amma matasa huɗu zan karɓe wa riguna a jerin nan, 'ya'yan mutane, in na tsallake tawa da wane ido zan dube su? Na karɓi jan bironsa na ja layi a kan sunanta, na rubuta na Kulu a sama. Na fito na shiga ban-ɗakin ma'aikata na yi kukana na wanke fuska.

Ran Juma'a da ta dawo gida hutun mako na gaya mata, muna tsakar gida bayan la'asar, babanku yana gyara buhunan taki. Ban iya lallashi ba, kun sani, sai na faɗe shi a tsaye kamar sanarwa. Kuma ban tsaya nan ba, na ce ina so ita ce za ta koya wa Kulu, kullum da safe, a ɓoye a bayan ɗakin wanki, Kulu kuma ta koya wa Baba Garba. Wato ta yi aikin, wata ta sa rigar. Babanku ya saki buhu.

"Ke Hajiya, kina lahiya? Ki ɗauke ma ɗiyarki ki ba mai wanki? Mi za ni ce ma mutanen Ambursa?"

"Ka ce musu ruwa ya hau shinkafarka, ka ga sai ku samu abin magana."

Yayarku ta tashi. Ta shiga ɗaki ta fito da koriyar rigar a ninke, ta ajiye mini a kan tabarma da hannu biyu, cikin ladabin da ya fi zagi ciwo.

"Don Baba Garba za ni yi, Inna. Ba don kowa ba."

Daga ranar sai gaisuwa. Ina kwana Inna, lahiya lau, shi ke nan. Ita da ke zama a bakin gadona tana ba ni labarin kowa da komai har in kore ta. Wata biyu gidan nan ba daɗi, ku ƙanana kuna ta kallonmu kuna raɗa. Abin ya ci ni ƙwarai, kuma ba ni da wanda zan kai wa ƙara tunda ni na yi.

Kulu kuwa, da na same ta tana shanya zannuwan gado na gaya mata, sai da ta zauna a kan bokiti don dariya. Ta ce ita da ta tsaya a aji shida, sai ɗan abin da take dannawa a waya tana sayar da kilishin gidansu? Ta tambayi me za a ba ta. Na ce babu komai sai riga.

"Sai kuma izini daga ofis, da sa hannun sakatare, ki zauna kusa da Garba awa biyu kullum ki gaya mai duk abin da kin ga dama."

"A lokacin aiki? Kuma ba shi da ikon tashi?"

"Ba shi da."

"Miƙo rigar."

Rigar ba ta rufe ta ba, sai da aka farke gefe aka ƙara ƙyalle. Abin da ya biyo baya kuwa, ban taɓa ganin asibiti ya yi daɗi irin na watannin nan ba. Da safe matasan da na karɓe wa riguna su koya wa sababbin 'yan sa-kai, da rana su kuma su faɗa wa manyansu da tsiya. Kana wucewa ta ɗakin nas sai ka ji Babarbaren nan yana cewa Fulani dai sai nono, ita kuma tana rantsuwa sai ta iya ko don ta kunyata shi. A Argungu marasa lafiya har jinkiri suke yi a taga don su ji Kulu. Ta ce masa ya riƙe linzamin kwamfuta kamar ɗanyen kifi, in ya matse ya suɓuce, in ya saki ya gudu. In ya yi kuskure ta buga tebur ta kira mutane su zo su gani, ya rama, ya goge, ya sake. Sau ɗaya abin ya so ya ɓaci, ran da ya rasa inda zai sa shekarun haihuwa sau biyar a jere, ya tashi ya ɗauki hularsa ya ce ya bar aikin, bencin ma ya gode. Kulu ba ta roƙe shi ba. Ta haye kujerarsa ta miƙe ƙafa ta ce Alhamdulillahi, yau ɗiyar mahauta ta gaji teburin Basarke, gobe za ta rataya tsire a taga. Bai kai bakin ƙofar asibiti ba ya juyo. Duk wannan yayarku tana bayan ɗakin wanki tana jiyo su, duk abin da ya gagari Kulu ta dawo ta tambaye ta.

Ranar buɗe rajista ta gaskiya na tafi Argungu tun da hantsi tare da Alhaji Lawal da mutumin kamfanin, wani siririn mutum mara dariya mai riƙe da takarda. An goge duk na gwaji, rajistar fanko ce. Ɗakin kati ya cika, har masu gadi sun leƙo. Mutumin ya ce kowa ya ja baya, ba mai magana, ba mai nuni. Kulu ta tsaya a bakin ƙofa ta cusa bakin mayafinta a baki don kada wata kalma ta kuɓuce mata. Yayarku tana can ƙarshen ɗaki jikin kantar katuna, ba riga, ba ta ko kallon inda nake. Baba Garba ya zauna ya gyara tabarau ya sa lambar sirrinsa. Mutumin ya ce ya buɗe wa mutum ɗaya sabuwar rajista daga farko har ƙarshe, kuma ya sani wannan ba gwaji ba ne, duk wanda ya shigar shi ne lamba ta ɗaya a reshen nan. Ya ce a kira na farko a layi.

"A'a, yallaɓai. Ina da mutum."

Baba Garba ya sa hannu a aljihun gaba ya ciro wani tsohon kati da ya yi ja don daɗewa, gefensa duk ya cinye. Ya kife shi a kan tebur, bai buɗe ba. Ya fara dannawa da yatsa biyu, a hankali, harafi bayan harafi. Ina tsaye a bayansa na ga sunan yana fitowa, sunan nan da ban taɓa kira ba. Ya sa ranar haihuwa da wata da shekara bai tambayi kowa ba. Wurin sunan uwa ya rubuta nawa. Sai a lokacin na gane katin. A Argungu na haife ta, da na zo goyon ciki gidanmu, kuma shi ya buɗe mata kati da hannunsa tana da kwana ɗaya a duniya. Ya duba abin da ya rubuta sama da ƙasa, ya ga ya tsallake unguwa, ya koma ya cike ba tare da an ce masa komai ba, sannan ya danna ajiyewa. Lamba ta fito: ɗaya. Mutumin kamfanin ya duba, ya yi alama a takardarsa, ya ce wa Alhaji Lawal wannan ya zauna a teburinsa.

Kulu ta tofar da mayafi ta rangaɗa guɗa a cikin asibiti, inda aka hana ko tari mai ƙarfi.

"Jama'a ku shaida! Na mai da kifi mutum!"

Baba Garba bai rama ba, karo na farko a shekara ashirin. Ya juya kujerarsa yana neman wata a cikin mutane.

"Ɗiyata, taho. Kin zaci ban san wa ka koya ma wagga mahaukaciya da safe ba? Muryarki ni ka ji cikin bakinta, in an cire zagin. Amshi katinki. Ni nib buɗe miki na farko, ban yarda wani ya buɗe miki na biyu ba."

Ta zo ta durƙusa ta karɓa da hannu biyu, tana kuka tana dariya. Ni kuwa na juya ina karanta wata sanarwar rigakafi da ke bango kamar ban taɓa ganin ta ba.

Ba zan yi muku ƙarya in ce komai ya dawo mata ba. Kulu ce ta tafi Kaduna, ta dawo da takarda da labarin da har ta rasu ba ta gama bayarwa ba, Allah ya jiƙanta. Ƙarin girman yayarku sai da ya yi jinkirin shekara guda cur, kuma ni na jawo mata. Na sani, ban manta ba, ban kuma taɓa ce mata ta yi haƙuri ba, don bakina bai iya ba. To ga shi na rubuta. Baba Garba ya yi shekarunsa biyu a kan teburinsa, ya yi ritaya da mutuncinsa, har shi ke gyara wa sababbin ma'aikata.

A ranar dai mota ɗaya muka shigo ni da ita zuwa Birni, muna kujerar baya, katin yana hannunta. Wajen Ambursa sai na ji ta matso, kafaɗarta ta taɓa tawa.

"Inna, kin san Kulu ta ce in gaya miki wani abu? Wai ke ma da yatsa ɗai ki ka dannawa."

"Ƙarya ta ka yi. Biyu na."

Ta yi dariya, ta ɗora daga nan, labarin Kulu, labarin babbar nas, labarin kowa da komai na wata biyu da ta tara, har ƙofar gida ba ta tsaya ba, ni kuma ban kore ta ba.

Saboda haka in Sallah ta zo kuka tashi tsokanata, ku faɗa, ban hana ku ba, na cire sunanta daga takardar sakatare. Amma ku ƙarasa. Duk wanda ya je reshen nan na Argungu ya ce a buɗe masa rajista a koma can farko, sunan da zai fara gani na yayarku ne.